Yadda ake gane ƙoƙon kai na mace ne ko na namiji

In aka tsinci ƙwarangwal, ba nama ba takardar shaida, abin da masu bincike ke fara son ji shi ne mace ce ko namiji, don shi zai rage musu yawan ɓatattun da za su bi sawu. To kafin ma ka taɓa kan, duba ko akwai ƙashin ƙugu, shi ya fi faɗin gaskiya tunda na mace a buɗe yake saboda haihuwa. In babu shi sai ka sa safar hannu ka tallabi ƙoƙon da hannu biyu, don Allah kar ka ɗaga shi ta ramin ido, ƙashin wurin ba ƙwari.

Wuri biyar ake dubawa, kowanne a ba shi maki daga 1 zuwa 5, wani masanin ƙasusuwan ɗan Adam, Phillip Walker, ya fitar da lissafin haɗa makin a 2008. Maki 1 ya karkata ga mace, 5 ga namiji.

Fara da ƙeya, ka juya kan ta gefe, na namiji yawanci da kaushi har wani ɗan ƙugiya yake fitarwa inda jijiyoyin wuya suka kama, na mace sumul. Sai tudun ƙashin bayan kunne, na namiji babba ne mai kauri. Tsakanin gira kuma na namiji ya kumburo, na mace a shafe goshin ya miƙe. Bakin ramin ido na sama da yatsa ake jinsa, in ka ji kaifi-kaifi alamar mace ce, in ka ji dakusasshe mai kauri namiji. Haɓa ta namiji faffaɗa, ta mace ƴar tsini.

Amma fa kar ka yanke hukunci da alama ɗaya, wannan shi ya fi damuna, akwai iyalin da ke can suna jiran amsarka. Al'ummomi sun bambanta, kan tsohuwa yakan yi kauri kamar na namiji, saurayi sabon tashi kuma nasa ya yi kama da na mace. Yaron da bai balaga ba kam alamun ba su ma fito ba tukuna.

In yawancin wuraren maki 3 ka ba su, rubuta ba a tantance ba a rahoto, ka tura haƙori ko guntun ƙashi a yi gwajin DNA.