Yadda za ka gane ko musayar ɗan wasa mai kasada za ta amfani kulob a NFL

Wanda ya saba da Firimiya ko Laliga in ya fara kallon ƙwallon Amurka, cinikin 'yan wasa ne ke fara rikita shi. A NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba a ɗauko buhun kuɗi a sayi mutum daga wani kulob, musaya ake yi, ka ba ni ɗan wasa in ba ka ɗan wasa, ko kuma in ba ka tikitin zaɓe. Tikitin nan na daraf ne, wato zaɓen matasan da suka fito daga jami'o'i da ake yi duk watan Afrilu, zagaye 7, kulob 32, kuma wanda ya fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara ɗauka. Sannan akwai iyakar albashi da ba wanda ya isa ya tsallake komai arzikin mai kulob, a 2024 dala miliyan 255.4 ce ga kowa. Toh in ka ji an ce wani kulob ya ɗauko babban tauraro, kar sunan ya ɗauke maka hankali, sau biyu ake biyan kuɗinsa, da tikiti da kuma albashi, kuma dukkansu sai ka auna.

Fara da tikitin, amma ka lissafa shi a kan cewa abin bai yi kyau ba. Nan ne yawancin magoya baya ke yin kuskure wallahi. Kulob zai ce mun ba da tikitin zagayen farko na baɗi, mutane su ce ai ba komai tunda za mu yi nasara tikitin na 28 ne ko na 30. Wa ya ce? Darajar tikitin tana bin sakamakonka ne, in ka faɗi warwas shi kuma ya yi sama, ga shi yana aljihun wani. Kamar wanda ya ci bashi ne a kan amfanin gonar baɗi tun damina ba ta sauka ba. A watan Maris 2023 Carolina Panthers suka ba Chicago Bears mai cafe ƙwallonsu DJ Moore da tikitinsu na 9 da na zagayen farko na 2024 da wasu biyu na zagaye na biyu, don kawai su hau na 1 su ɗauki Bryce Young, kwatabak, wato mai jifa da ƙwallo da ke jagorantar hari. Kakar ta zo suka ci wasa 2 aka cinye su 15, tikitin da suka bayar ya zama na 1 a duk ƙasar, Bears suka ɗauki Caleb Williams da shi. Kaga sun sha wahalar zama na ƙarshe amma ladan zama na ƙarshen wani ne ya kwashe. Denver Broncos ma haka, bayan sun ba da tikiti sun ɗauko kwatabak Russell Wilson daga Seattle Seahawks a 2022 suka ƙare da nasara 5 rashin nasara 12, tikitinsu ya zama na 5, Seattle ta ɗauki Devon Witherspoon. Don haka ka tambayi kanka, in tikitin nan ya zama cikin goman farko, har yanzu zan yarda da cinikin? In amsar a'a ce toh kasadar ta fi yadda ake faɗa.

Daga nan sai kuɗi, kuma gaskiya nan na fi son mutum ya tsaya ya nutsu domin shi ne ba a gani a fili. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa, matasan da aka zaɓa a daraf albashinsu a ƙayyade yake, kwantiragin shekara 4 mai araha, na zagayen farko kulob na iya ƙara musu ta 5. Ma'ana duk tikitin da ka bayar ka yi asarar ɗan wasa mai araha na shekaru, ka maye gurbinsa da wanda zai cinye babban kaso na iyakar albashin shi kaɗai, kuma da wuya tauraro ya iso bai nemi sabon kwantiragi ba tunda ya san kun riga kun zuba tikiti a kansa ba za ku iya ce masa a'a ba. Lambar da jaridu ke bugawa a kanun labari ba ita za ka duba ba, ka nemi nawa ne aka lamunce masa, wato wanda dole a biya ko ya buga ko bai buga ba, sannan in an sallame shi bayan shekara 2 nawa zai ci gaba da zama a lissafin kulob. Wilson yana da sauran shekara 2 a tsohon kwantiraginsa, amma Denver ta ƙara masa shekara 5 a kan kusan dala miliyan 245 tun bai buga musu wasan gasa ko ɗaya ba. Da suka sallame shi a Maris 2024 dala miliyan 85 ta zauna musu a lissafi, kuɗin mutumin da ba ya sa rigarsu, suka raba ta shekara biyu. Abin da ya cece su shi ne sun dace da matashi mai araha Bo Nix a daraf ɗin 2024, amma ba kowa ke samun wannan sa'ar ba.

Na Cleveland Browns ya fi muni. A Maris 2022 suka ba Houston Texans tikitin zagayen farko har guda 3 da ƙari a kan kwatabak Deshaun Watson, suka kuma lamunce masa dala miliyan 230 gaba ɗaya, ba ƙofar fita ko ta taga. Mutumin bai buga wasa ko ɗaya ba a 2021, ga ƙararrakin mata fiye da 20 a kansa kan zargin cin zarafi, kowa ya san dakatarwa na tafe, kuma ta zo, wasa 11. Daga baya kafaɗa ta samu matsala a 2023, jijiyar agara ta tsinke a Oktoba 2024, a kaka 3 wasa 19 kacal ya buga. Ni abin da ya fi damuna a wannan ciniki ba ma raunin ba ne, rauni ƙaddara ce, sai dai yadda aka ga alamomin haɗari tun farko a fili amma aka toshe duk hanyar ja da baya. Kuma batun halin mutum ba ƙaramin abu ba ne da za a ture gefe don yana jifa da kyau, akwai magoya bayan da suka bar kulob ɗin saboda shi.

Abu na gaba, kulob ɗin da kansa ina yake tsaye? Kasada tana biya ne in da gaske saura mutum ɗaya. Los Angeles Rams a farkon 2021 suna da koci Sean McVay da ya riga ya kai su Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, a kakar 2018, suna da Aaron Donald da Jalen Ramsey a tsaron da ya fi na kowa a 2020, ga Cooper Kupp yana cafe ƙwallo, abin da suke ganin ya rage musu kwatabak ne. Suka ba Detroit Lions kwatabak ɗinsu Jared Goff da tikitin zagayen farko 2 da na zagaye na uku 1, suka karɓi Matthew Stafford mai shekara 33 wanda ya yi kaka 12 a Detroit bai taɓa cin wasan sili-ɗaya-ƙwale ba. A Fabrairu 2022 suka doke Cincinnati Bengals 23 da 20 suka ɗaga kofi. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce, ka cire sabon mutumin ka dubi sauran, shin ba shi ma za su iya shiga sili-ɗaya-ƙwale? Katangar gaba da ke kare kwatabak tana da ƙarfi? Tsaron fa? In rami uku ko huɗu ne a kulob, mutum ɗaya ba zai cike su ba, kuma tikitin da za a cike su da shi ne aka bayar.

Sai dai kowane kulob gani yake saura mutum ɗaya, shi ya sa dole ka duba wane gurbi mutumin yake bugawa. Minnesota Vikings a Oktoba 1989 sun yi imani mai rugawa da ƙwallo kawai suka rasa, suka kwashi 'yan wasa 5 da tarin tikiti suka ba Dallas Cowboys a kan Herschel Walker. Kocin Dallas Jimmy Johnson ya sa an ɗaure wasu tikitin da sharaɗi, in ya sallami ɗan wasan da aka ba shi sai tikiti ya zama nasa, kuma tikitin yake so tun asali, saboda haka in ka ji an ce da sharaɗi ka bi ka karanta sharaɗin. Dallas ta ci wasa 1 tak a kakar nan, amma da wannan jarin ta samo irin su Emmitt Smith da Darren Woodson ta ɗauki kofi a kakar 1992 da 1993 da 1995, shi kuwa Walker bayan 1991 ya bar Minnesota ba kofi. Kwatabak ne ke taɓa ƙwallo kusan kowane hari, shi kaɗai zai iya juya kaka. Mai rugawa jikinsa ke shan duka kuma yana saurin tsufa, ana iya ɗaukarsa amma ba da wannan farashin ba. Dubi San Francisco 49ers a Oktoba 2022, Christian McCaffrey wasa 10 kawai ya buga cikin 33 a kaka biyun baya saboda rauni, kasada ce sosai, amma ba su ba Carolina tikitin zagayen farko ko ɗaya ba, na biyu da na uku da na huɗu da na biyar suka bayar. Ya zama gwarzon ɗan wasan hari na 2023 suka kai Super Bowl, da ya sake jin rauni a 2024 ya buga wasa 4 kawai kuma, abin ya yi zafi amma bai rusa musu gaba ba.

Ka kuma tambaya, shi mai bayarwar me ya sa yake bayarwa? Sun fi ka sanin gwiwarsa da halinsa a ɗakin canza kaya. Wani lokacin kuɗi ne kawai, Tennessee Titans ba su so biyan mai cafe ƙwallonsu A.J. Brown ba yana ɗan shekara 24, Philadelphia Eagles suka karɓe shi a Afrilu 2022 da tikiti na 18 da na 101, ya je Super Bowl sau biyu da su suka ci na Fabrairu 2025, shi kuwa manajan Titans an kore shi tun Disamba 2022. Matashi mai lafiya da rigimar albashi ta fitar, irin wannan ake nema. Amma ko shi ba tabbas ba ne, Miami Dolphins sun ba da tikiti 5 a kan mai cafe ƙwallo Tyreek Hill a shekarar, ya yi musu aiki ba ƙarya har ya fi kowa yadi, wato nisan da ya ci da ƙwallayen da ya cafe, a 2023, duk da haka Kansas City Chiefs da suka rabu da shi su suka ci kofi biyu a jere, har ma su suka fitar da Miami a Janairu 2024, domin suna da kwatabak Patrick Mahomes. Batun salon koci kuma ba sai an ja ba, in tsarin wasansa bai dace da mutumin ba ko kocin kansa kujerarsa na rawa, ka rage tsammani, kocin Denver na lokacin, Nathaniel Hackett, ko kakar farko bai ƙarasa da Wilson ba, aka kore shi.

Kar kuma ka yi saurin yanke hukunci a daren da labari ya fito, makin da 'yan jarida ke rabawa a ranar ba ya nuna komai tunda ba a ma san wa za a ɗauka da tikitin ba. Ka ba shi kaka 3. Rams bayan kofi sun faɗo 5 da 12 a 2022, na biyun tikitin zagayen farkon da suka bayar ya zama na 6 a hannun Detroit, Lions suka juya shi suka samo Jahmyr Gibbs da Sam LaPorta, Goff da ake gani kamar gyara ne a cinikin ya farfaɗo, a Janairu 2024 suka fitar da Rams ɗin kansu 24 da 23 suka kai wasan kusa da na ƙarshe, a kakar 2024 kuma suka ci wasa 15. Saboda haka in za ka rubuta lissafinka, ka buɗe shafi biyu, ɗaya na kulob ɗin da ya karɓi tauraro ka sa nasarorin sili-ɗaya-ƙwale da kuɗin da ya rage a wuyansu, ɗayan na wanda ya karɓi tikiti ka sa sunayen matasan da aka ɗauka da ko sun samu gurbi a cikin masu fara wasa.