Darasi na 9: Me za a shimfiɗa wa maciji a ƙasan akwatinsa?

Toh jama'a, darasin yau kan shimfiɗar maciji ne, wato abin da ake zubawa ko a shimfiɗa a ƙasan akwatin da ake kiwonsa a ciki. Na san wani zai ce wa ke kiwon maciji in ba gardi ba, amma akwai su, a Turai da Amurka mutane da yawa na ajiye shi a ɗaki, mu ma nan akwai ma'aikatan gidan zoo da ɗaliban likitan dabbobi da wasu samari a birane da suka fara. Kuma macijin da aka fi kiwo a can ɗin ma daga yankinmu ake kai shi, ƙaramar mesa ce wadda in ta tsorata sai ta dunƙule ta ɓoye kanta a tsakiya, ana fitar da ita daga Togo da Benin da Ghana, a Najeriya ma akwai ta. Ba ta da dafi, tsawonta yawanci mita 1 zuwa mita 1 da rabi, kuma in ta samu kulawa takan yi shekara 20 har 30. Da ita za mu yi misali. Dan Allah tun yanzu a gane, ba maganar kububuwa ko kasa ko gamsheƙa muke ba, masu dafi ba abin ajiyewa a gida ba ne ko kaɗan, wanda ya san abin da ake gani a asibitin saran maciji na Kaltungo ba sai an masa dogon bayani ba.

A karanta a hankali, in an gama sakin layi a tsaya, kowa ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa kafin a wuce.

Maciji ba ƙafa gare shi ba, cikinsa a ƙasa yake dare da rana, a kan shimfiɗar nan yake kwana, a kai yake cin abinci, a kai yake kashi, hancinsa kuma dab da ita yake. Ga shi ba ya iya tari irin namu da zai fitar da ƙura daga ƙirjinsa. Kun ga kenan in shimfiɗa ta lalace macijin ne zai fara lalacewa tun kafin mai shi ya lura. Saboda haka kafin ka zaɓi komai sai ka tambayi kanka, a daji ina wannan macijin yake kwana? Ita wannan mesar yawancin wuninta a ramin ɓera take yi ko cikin tsohon suri, wuri mai duhu, mai ɗan danshi, ba jiƙe sharkaf ba kuma ba busasshe ƙayau ba. Wannan yanayin muke son kwaikwayo. Masu kiwo suna neman danshin iska ya tsaya wajen kashi 50 zuwa 60 cikin 100, in lokacin saɓa ya zo a ɗan ƙara ya kai 70, gefe ɗaya na akwatin ya yi ɗumi wajen digiri 31 ko 32, ɗayan gefen kamar 25 ko 26.

Bari mu fara da kafet tunda shi ne ke fara zuwa ran mutum. Akwai wanda ake sayarwa musamman don irin waɗannan dabbobi, akwai kuma masu yanko ragowar na ɗaki ko ciyawar roba su saka. Gaskiya a ido yana da kyau, ba ƙura, macijin ba zai haɗiye shi da abinci ba, kuma in ka saya sau ɗaya ka huta da saye na wani lokaci. Amma ni dai ban ba kowa shawarar sa ba, ga dalilina. Maciji ba kullum yake kashi ba, yana iya yin sati biyu ko fiye, amma ranar da zai yi da yawa yake yi, ga baƙin ga wani farin abu kamar alli ga ruwa-ruwa, to ruwan nan kafet ke shanyewa ya wuce har ƙasa, kai ka ɗauke na sama ka goge ka ga kamar ya fita alhali na ciki yana nan, da ɗumin akwatin sai ƙwayoyin cuta su samu wajen zama, wari ya fara tashi, macijin kuma yana kwance a kai. Dole sai an cire shi gaba ɗaya an wanke an shanya ya bushe sosai, kuma da damina kowa ya san yadda shanya take. Sannan in ya tsufa bakinsa ya fara zarewa, zaren na iya naɗe wa macijin wutsiya, haƙoransa kuma lanƙwashe suke suna kallon baya, in ya kai wa ɓera cafka ya haɗa da kafet sai su maƙale. Abu na ƙarshe, ba ya riƙe danshin da zai taimaki iska, kuma macijin ba zai iya tura kansa ciki ya ɓuya ba.

In kuma shi kaɗai gare ka, toh a yanka guda biyu daidai da faɗin akwatin, ɗaya na ciki ɗaya na jira a bushe. A zaɓi mara gashi mai tsawo, a duba bakinsa kullum, da ya fara zarewa a yar. A wanke da sabulu da ruwan zafi a ɗauraye har kumfa ta ƙare. Kar a sa Dettol ko Izal, irin waɗannan suna cutar da dabbobi masu jan ciki, in ana son kashe ƙwayoyin cuta a ɗan ɗiga bilic a ruwa mai yawa, a jiƙa, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har warin ya tafi gaba ɗaya.

Tsohuwar jarida fa? Mutane na raina ta amma wallahi tana aiki. Ita ko farar takarda ko tishu mai kauri na kicin. Duk macijin da aka kawo sabo a kan takarda ya kamata ya fara zama, wata ɗaya har zuwa uku, saboda a kan farin abu ne za ka ga komai, za ka ga yanayin kashinsa, za ka ga in akwai wasu 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari masu shan jini da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawon jikinsa da gefen ido, wanda aka kamo daga daji ma sau da yawa da kaska yake zuwa. Haka in ba shi da lafiya ko yana da ciwo a ciki, a mayar da shi kan takarda har ya warke. Ta ɓaci? A naɗe a yar a sa wata, shikenan. Matsalarta kawai ba ta riƙe danshi, da hunturu sai an haɗa da dabara, za mu zo wajen.

Yanzu dusar katako. Nan nake so a buɗe kunne, don ita ce mafi sauƙin samu a wajenmu, masu kiwon kaji ma ita suke zubawa, sai mutum ya ɗauka abin da ya yi wa kaza zai yi wa maciji. Ba haka ba ne. Wadda ake kwasowa wajen 'yan katako gauraye take, ba ka san wane icce da wane icce ba ne a ciki, wani katakon an shafa masa maganin gara, wani da fenti ko gam a jikinsa, ga ta da laushi tana tashi tana shiga hanci. Akwai itatuwa masu ƙamshin mai, irin su fayin da sida na ƙasashen sanyi, man jikinsu yana taɓa numfashin maciji da fatarsa, masu kiwo sun daɗe da daina amfani da su musamman sida. Wanda suke amfani da shi a can feren wani icce ne mara ƙamshi da ake kira asfen, shi ma ya fi dacewa da macizan da ba sa son danshi sosai, don da ya jiƙe yake yin fumfuna. Ƙa'ida mai sauƙi: in ka shinshina ka ji ƙamshi mai ƙarfi ko warin magani, kar ka zuba.

Yashi ma haka, ba na wannan mesar ba ne. Yana busar da akwati, yana shiga baki da hanci, in ya manne a jikin ɓera ta haɗiye yana iya taruwa ya toshe mata ciki. Akwai wasu gajerun macizai marasa dafi na yankin Sahel da rayuwarsu ta nutsewa cikin rairayi ce, su daban, su ma masu kiwo da yawa sukan gauraya musu da ƙasa. Tsakuwa, ɓuntun shinkafa, ƙasar da ake zuba wa kyanwa ta yi kashi, duk a bar su.

Abin da na fi yarda da shi ga macijin da ya riga ya zauna lafiya shi ne ɓawon kwakwa, wannan mai gashi-gashin na waje, ko wanda aka daddatsa ƙanana ko wanda aka niƙa ya zama kamar ƙasa. Yana shan ruwa ya riƙe, yana sakinsa a hankali cikin iska, ba ya saurin fumfuna, yana rage wari, kuma macijin na iya kutsawa ciki. Ana sayar da shi a matse kamar bulo wajen masu kayan lambu da furanni, ƙaramin bulo in an jiƙa shi yakan kumbura ya ba da kamar lita 8. In da kanka za ka haɗa daga wajen masu sayar da kwakwa, a daddatsa, a jiƙa a zubar da ruwan a sake jiƙawa saboda wani yana da gishiri, a zuba masa tafasasshen ruwa don ƙwari, sannan a baza a rana. Gwajinsa a hannu ne, ka damƙi cikin tafi ka matse, in ruwa ya ɗiga ya yi yawa, in ka ji sanyi-sanyi kawai ba ɗiga to ya yi.

Wasu na haɗa shi da ƙasar lambu, ba laifi, amma banda wadda aka sa wa takin zamani ko maganin feshi.

Ga ɗan lissafi, a ɗauko biro. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, muna son kaurin shimfiɗa ya kai santimita 5. Sai mu ce 120 sau 60, ya ba mu 7,200. Sai 7,200 sau 5, ya ba mu 36,000. Kowace lita ɗaya 1,000 ce a wannan ma'aunin, in mun raba 36,000 da 1,000 kenan lita 36 muke bukata, kusan cikin jarka mai lita 25 ɗaya da rabi, ko ƙananan bulo huɗu da rabi.

Sai maganar lokaci, wadda wanda ke kallon bidiyon Turawa a YouTube ba zai ji ta ba, don su ba su da hunturu irin namu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa bushewa take ƙayau, leɓe ma tsagewa yake, to a lokacin ne saɓa ke ba da wahala. Lafiyayyen maciji saɓarsa a haɗe take fita tun daga kai har wutsiya, in ka ga tana fita gutsi-gutsi ko ta maƙale a kan ido ko a ƙarshen wutsiya, danshi ne ya yi kaɗan. Alamar saɓa ta kusa ita ce idonsa ya yi hazo-hazo launin jikinsa ya dushe. Da ka ga haka sai ka zuba ruwa kaɗan a kusurwar akwatin ya shiga ƙasan shimfiɗar, saman ya zauna a ɗan bushe, ka sa kwanon ruwa mai faɗi, ka kuma samu robar abinci mai murfi ka huda ƙofa a gefe ka goge bakin kar ya yanke shi, ka sa damshin ɓawon kwakwa ko jiƙaƙƙen tishu a ciki, zai shiga da kansa. Wannan robar ita ce dabarar masu amfani da jarida ma. Kar a ɓanɓare masa saɓar ido da farce, a kai wa likitan dabbobi.

Da damina kuma abin juyawa yake, Yuli da Agusta iska da kanta a jiƙe take, sai a rage zuba ruwa a bar iska na shiga. Shimfiɗa in ta zauna a jiƙe da ƙazanta cikin macijin ke fara yin ja-ja ko ruwan ƙasa, wani lokacin har da ƙuraje masu ruwa, ɓawon jikinsa ya fara ruɓewa. Duk sati a ɗaga shi a duba cikinsa. In an ga haka a kwashe komai a koma takarda busasshiya a nemi likita.

Wajen shara, kullum a leƙa, in ya yi kashi a kwashe har da shimfiɗar da ke kewaye da wajen, ba saman kawai ba. Duk wata ɗaya zuwa biyu a zubar da duka a wanke akwatin a sa sabuwa. Lokacin ba shi abinci a ɗora ɓeran a kan faranti ko kwali don kar ya haɗiye da ɓawo. Kar a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi ko a yayyafa fiya-fiya a ɗakin da yake, shimfiɗar na ɗauka, kuma yana iya kashe shi. Sannan a wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa macijin ko shimfiɗarsa, saboda kashinsu na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, ta fi tsanani ga ƙananan yara da masu ciki da tsofaffi. Kar a wanke kayansa inda ake wanke-wanken kwanukan abinci, a ware masa bokiti da soso nasa.

Aikin aji: kowa ya rubuta jimla uku da hannunsa kan dalilin da ya sa ake fara ajiye sabon maciji a kan takarda. Sai ku zauna bibbiyu, ɗaya ya zama mai sayen kafet ɗaya ya ba shi shawara, a yi da baki tukuna sannan a rubuta. Na gida kuma lissafi ne, akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 45, kaurin shimfiɗa 6, lita nawa ake bukata, kuma jarka mai lita 25 guda ɗaya za ta isa ko ba za ta isa ba? A zo da amsa a rubuce mako mai zuwa.