Babi na Shida: Koyar da Yara a Gida Lokacin Kirsimeti da Ista

Wannan babi naku ne, iyayen ajin koyon karatu na yamma masu yara 'yan shekara 3 zuwa 6. A nan Gana yaro yana shiga KG yana ɗan shekara 4, ya yi shekara biyu, sannan ya wuce firamare. A makarantun Kumasi Turanci da harshen Asante zai tarar. Hausar da kuke yi da shi a Aboabo ko Asawase ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati, saboda haka in ba ku nuna masa rubutunta a gida ba, da wuya wani ya nuna masa. Kada ku ce ku ma yanzu kuke koyo. Wanda ya iya layi ɗaya, zai iya koyar da layi ɗaya.

Ku tanadi ƙaramin allo da alli, da tsumman gogewa, da marafan kwalba 25, da kalanda, da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Minti goma sha biyar sun isa, da safe bayan an sha koko. Yaro mai jin yunwa ba ya kallon allo.

Darasi na 1: Labarin haihuwar Yesu

Da farko ku nemo wurin ku kaɗai, da dare, kafin ku zauna da yaro. Ku buɗe Sabon Alkawari, yana wajen ƙarshen littafin. Matiyu ne farko, sai Markus, sai Luka. Sunan yana saman shafi. In an rubuta Luka 2:7, lambar farko, wadda ke kafin ɗigo biyu, wato 2, ita ce sura, kuma a cikin shafi za ku gan ta babba, baƙa wuluk. Ta biyu, wato 7, ita ce aya, 'yar ƙarama ce a tsakanin kalmomi. Ku karanta Luka sura ta 2 daga aya ta 1 zuwa ta 20: umarnin Kaisar Augusta na ƙidaya, tafiyar Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, komin dabbobi, da makiyaya. Ku sa tsinke a wurin.

Da safe ku ba yaro labarin da baki, yadda kuke yin tatsuniya. Sannan ku rubuta wannan a allo da manyan baƙaƙe, ku bar fili tsakanin kalma da kalma:

An haifi Yesu a Baitalami.

Kalmomi biyar ne. Yanzu ga inda nake so ku natsu. Ku zaunar da yaro a gefenku, ba a gabanku ba, domin in yana gabanku rubutun a kife zai gan shi. Ku ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma ta farko, ta ɓangaren hagu. Hagu shi ne hannun da ba ku cin tuwo da shi. Ku ce "An". Ku tsaya. Ku matsar da yatsa. Ku ce "haifi". Ku tsaya. Ku matsar da yatsa. Ku ce "Yesu". Yatsa ya fara isa, sannan baki ya buɗe.

Ku lura da "a". Baƙi ɗaya ce tak, amma kalma ce, tana da nata hakkin. Yawancinku kuna tsallake ta. Ku ɗora mata yatsa, ku faɗe ta. "Baitalami" kuwa doguwa ce, gaɓa huɗu: Bai, ta, la, mi. Yatsa ya ja a hankali a ƙarƙashinta har baki ya gama. Kada yatsa ya gama ya faɗa bakin allo alhali kuna kan "ta".

Me ya sa na nace? Labarin nan kun san shi tun kuna yara, kun ji shi a coci kowane Disamba. Shi ya sa bakinku ke gudu da shi, yatsa kuma yana yawo a ko'ina. Na sha tsayawa a bayan uwa a aji, bakinta ya kai "Baitalami", yatsanta yana kan "haifi", 'yarta kuwa ta ƙura wa farcen ido. Abin da yarinyar ta ɗauka shi ne "haifi" ake karantawa "Baitalami". Yaro yatsa yake bi. Inda yatsa yake, nan yake zaton muryar ta fito.

To, a sake. Yatsa a hagu. "An". Tsaya. Matsa. "haifi". Tsaya. Matsa. In kun rikice ba komai, ku koma farkon layi, sannu ba ta hana zuwa. Ku yi sau uku, sannan ku ce yaro ya ɗora nasa yatsan, ku kuna faɗa. Bayan haka shi ya faɗa, ku kuna nunawa. In ya nuna daidai ku yaba masa da suna. In ya yi kuskure ku ce, "Mu sake tare." Washegari ku tambaye shi, "Ina Yesu a allon nan?" In ya nemo kalmar da yatsansa, karatu ya fara shiga. In ya rera layin duka yana kallon kaji a tsakar gida, hadda ce, ku koma kan yatsa.

Haba jama'a! Wasunku suna zuwa suna ce mini ɗansu ya iya karatu cikin kwana biyu, in na juya kalmomin sai yaro ya yi zuru. Wasu kuma suna miƙa wa yaro waya ya kalli bidiyon Kirsimeti, su tafi kasuwar Kejetia, su ce an yi darasi. Ba a yi ba. Mai dukan yaro da ludayi saboda ya ce "d" a wurin "b" kuma ya daina. Ku ma a ajin nan kun rikita su, ba wanda ya taɓa ku. Minti goma sha biyar ne fa na roƙa. Yatsa ya isa, sannan baki.

Darasi na 2: Ƙidayar kwanaki

Ranar 1 ga Disamba ku jera marafan kwalba 25 a faranti. Kowace safiya yaro ya cire ɗaya, ku ƙirga saura tare, yana taɓa kowanne. Taɓawa ɗaya, lamba ɗaya, daidai da dokar yatsa. Ɗan shekara 3 ya tsaya a biyar. Ranar da ya cire na ƙarshe ita ce 25 ga Disamba, ranar Buronya, wato Kirsimeti. Ku nuna masa lambar a kalanda. Ku ɗauke marafan bayan darasi saboda na goye.

Darasi na 3: Kyautai uku

Ku karanta Matiyu 2:1-12. Kyautan suna aya ta 11: zinariya, lubban da mur. Littafin bai faɗi yawan mutanen da suka kawo su ba, kyautan ne uku. Ku rubuta z, l, m. Yaro ya zana su a ƙasa da tsinke kafin allo. Kada ku riƙe masa hannu.

Darasi na 4: Ista

Ranar Ista tana sauyawa kowace shekara, tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, amma kullum Lahadi ce. Ku duba kalanda. Ku karanta Luka 24:1-12. Ku rubuta Jumma'a, Asabar, Lahadi, yaro ya ƙirga su. Jimlar allo ita ce: Yesu ya tashi. A bi ta yadda aka yi a darasi na 1.

Aikin gida: ku zo da allonku ranar aji, kowa zai karanta jimlar farko a gabana.