Yadda za ka gane ainihin man da Corolla ɗinka take sha

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafin "na sha na dubu goma ya kai ni kwana uku" ya daina aiki, domin farashin lita ba ya zama wuri guda. Allurar mai ma ba abin dogaro ba ce: takan daɗe a sama, sannan ta faɗo da sauri daga rabi. Lita da kilomita ne kawai za su gaya maka gaskiya.

Ka je gidan mai ka cika tanki har famfon ya tsaya da kansa. Kada ka bari a ƙara, kada a girgiza motar don wani ya shige. Ka danna maɓallin Trip A, wato ƙaramar mitar da ke ƙirga nisan tafiya, ya koma sifili, ka ci gaba da harkokinka har ka yi akalla kilomita 300. Sai ka koma gidan man nan, famfon nan in da hali, ka sake cikawa, ka rubuta litar da ta shiga. Raba kilomita da lita, shi ke nan. A tsakani kada ka sayi na 'yan bumburutu, galan ɗinsu ba ma'auni ba ne.

Inda mutane da yawa suke tafka kuskure shi ne mita. Yawancin Corolla 2003 zuwa 2013 da ke yawo a Birnin Kebbi daga Amurka aka shigo da su, kuma mil suke ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In mita ta nuna 300 kuma lita 40 ta shiga, tafiyarka kilomita 480 ce, wato kilomita 12 a lita. Wanda bai juya ba zai samu 7.5, ya ɗauki lafiyayyar mota ya kai wa makanike.

Corolla mai injin 1.8, tankinta lita 50, in tana da lafiya takan ba da kilomita 13 zuwa 15 a lita a babbar hanya, da gudun kilomita 90 zuwa 100 a awa. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu, kusan kilomita 150, lita 10 zuwa 12 ke nan. A cikin gari, ga tsaye-tsaye ga AC a zafin Afrilu, 9 zuwa 11 ba abin damuwa ba ne. Gudu 130, ko buhunan shinkafa a but da mutum biyar a ciki, dole lissafin ya sauka.

In ka samu ƙasa da haka sosai, fara da mai sauƙi. Iskar taya a auna ta da safe kafin ta yi zafi, a bi adadin da ke liƙe a jikin ƙofar direba, galibi PSI 30 zuwa 32. Filtar iska kuma a hunturu ƙura take cika ta. Ɗaga ta ga rana, in haske ba ya ratsawa a canza. Bayan tafiya, kusanta hannunka ga kowace ƙafa: wadda ta fi sauran zafi burkinta na kamawa.

Wani abin da ke cin mai a ɓoye shi ne cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan inji daga zuwa lagireto har sai injin ya yi zafi. Makanikai da yawa suna cire shi, su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu akwai zafi. Wannan ɓarna ce. Tamostat ɗin yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma muddin injin bai kai zafinsa ba, kwamfutar motar tana ɗauka yanzu aka tayar da shi, sai ta yi ta ƙara mai. Alamarsa, allurar zafi ba ta kai tsakiya ko kana kan hanya. A mayar da shi, a gyara lagireton in shi ne asalin matsalar.

Haka baƙin mai: 5W-30 aka rubuta wa injin 2003 zuwa 2008, 20W-50 mai kauri nauyi yake ƙara masa. In fitilar injin tana kunne, a sa na'ura a duba kafin a sayi komai, domin sau da yawa sensar da ke jikin salansa ce ta mutu, ko fulogi ya gaji.

Gyara ɗaya za ka riƙa yi, ka sake cika tanki ka auna, sannan ka taɓa na gaba. In ka haɗa su duka rana ɗaya, ba za ka san wanda ya yi aiki ba.