Yadda ake karanta wa yara masu harshe biyu labaran ban tsoro na Amurkawa 'yan asalin Meksiko

Jihohin Kalifoniya, Arizona, Niyu Meksiko da Teksas na Amurka duk sun taɓa kasancewa ƙarƙashin Meksiko, kuma yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ce ta tabbatar da kogin Rio Grande a matsayin iyakar Teksas da Meksiko. Iyalan da sabuwar iyaka ta riska a gidajensu sun ci gaba da magana da Sifaniyanci, sun kuma ci gaba da ba 'ya'yansu labaran da suka gada. A yau jikokinsu suna karatu da Turanci a makaranta, suna jin Sifaniyanci a bakin kakanni, don haka malami ko uba da ke son karanta musu waɗannan labarai yana bukatar shiri kafin ya buɗe littafi.

A fara da rarraba labaran gwargwadon shekarun yaro, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne. El Cucuy, wanda ke ɓuya a ƙarƙashin gado yana jiran yaron da ya ƙi jin magana, aikinsa ɗaya da na Dodo a tatsuniyoyinmu, kuma ɗan shekara 6 zai iya ɗaukarsa har ya yi dariya. La Lechuza, mayyar da ke rikiɗa ta zama ƙatuwar mujiya a kudancin Teksas da arewacin Meksiko, ta fi dacewa da 'yan shekara 8 zuwa 10. Ana cewa takan yi fito ko kukan jariri da dare don ta janyo mutum waje, kuma gishiri yana korar ta. Wannan maganar gishiri tana da amfani ƙwarai, saboda yaron da ya san maganin abin tsoro yakan yi barci cikin natsuwa. Haka nan labarin kyakkyawan baƙon da ya burge 'yan mata a gidan rawa, sai aka duba ƙasa aka ga ƙafarsa ta kaza ce ko kofato, ya fi karɓuwa ga waɗanda suka fara tasawa.

La Llorona ce ke bukatar taka-tsantsan fiye da sauran. A sigar da ta fi yaɗuwa, wata mace ce, sau da yawa ana kiranta María, da mijinta ya juya mata baya, baƙin ciki ya rufe mata ido ta jefa 'ya'yanta cikin kogi, sannan ta mutu a bakin ruwan. Tun daga nan fatalwarta take yawo cikin farar riga tana kuka tana nemansu. Uwa ta kashe ɗanta ba ƙaramin abu ba ne a kunnen yaro, shi ya sa ya kamata mai karatu ya duba littafin shi kaɗai tukuna. Akwai sigogin da ruwa ne ya tafi da yaran yayin da hankalin uwar ya ɗauku, kuma su suka fi dacewa da ƙanana. Abin da bai kamata a cire ba shi ne ruwan kansa, domin iyaye sun daɗe suna ba da labarin ne don hana yara zuwa bakin kogi da magudanan ban-ruwa bayan faɗuwar rana. A ganina, marubucin da ya kwashe ta daga bakin kogi ya kai ta wani tsohon gida ya raba labarin da dalilinsa.

Sai batun harsunan biyu, inda aka fi yin kuskure. Littattafan sukan jera Turanci da Sifaniyanci a shafi ɗaya ko a shafuka masu fuskantar juna, kuma mutane da yawa sukan karanta shafi da harshe ɗaya su sake maimaita shi da ɗayan. Yin haka yana kashe fargaba, tunda yaro ya riga ya san abin da zai faru. Ya fi kyau a ba da labarin duka da harshen da yaron ya fi ƙarfi a ciki, a bar maganganun mutanen labarin da Sifaniyanci, sannan a wani daren a karanta shi gaba ɗaya da harshen da ya fi masa wuya. Kukan La Llorona, wato "¡Ay, mis hijos!" ("Wayyo, 'ya'yana!"), kada a fassara shi a tsakiyar karatu. A ja shi da murya ƙasa-ƙasa, a ɗan yi shiru, a bar yaron ya maimaita. Mai karatun da bai saba da Sifaniyanci ba ya lura cewa ana furta sunanta kamar "Yorona", kalmar ƙarshe ta kukan kuma kamar "ihos".

El Chupacabras, dodon da ake cewa yana tsotse jinin awaki da sauran dabbobi, a ware shi gefe, domin sabo ne. An fara ba da labarinsa a Puerto Rico a 1995, lokacin da aka riƙa tsintar dabbobi a mace, daga baya ya bazu zuwa Meksiko da Teksas, inda binciken gawawwakin da aka ce nasa ne ya nuna karnukan daji ne da ƙazwa ta zubar wa gashi. Da shi ake koya wa manyan yara bambanta jita-jita da hujja. Bikin tunawa da mamata na ranakun 1 da 2 ga Nuwamba kuwa, kada a cusa shi cikin labaran ban tsoro ko da an ga hotunan ƙoƙon kai, saboda a wurin masu yin sa lokaci ne na girmama iyaye da kakannin da suka rasu.

Mai neman littattafai zai iya duba na Arte Público Press da ke Jami'ar Houston, wadda ke fitar da na yara da sunan Piñata Books, da yawansu cikin harsunan biyu. Bayan an gama littafi, a tura yaron wurin kakarsa ko wani dattijo a unguwa ya tambayi yadda aka ba su labarin suna ƙanana, ya rubuto shi da harshen da aka faɗa masa, sannan a zauna tare a gwada da abin da ke cikin littafin.