Yadda Ake Gano Lambar Kayan Gyara Ta Gaskiya Ga Tsohuwar Mota

Mai farfaɗo da tsohuwar mota kan yi asarar kuɗi a wurin sayen safaya. Dalili kuwa shi ne yakan je da sunan mota da shekararta kawai, alhali kamfanoni kan sauya kaya a tsakiyar shekara ba tare da sun sauya sunan motar ba. Lamba ce ke raba gardama, kuma ga yadda ake bin sawunta.

Fara da lambar shasi. Kada ka kwafo ta daga takardun mota, je ka karanta ta a jikin ƙarfen da idonka, domin takarda na iya zuwa da kuskuren rubutu. A Volkswagen Beetle tana ƙarƙashin kujerar baya, sannan akwai ɗan faranti a gaba kusa da tayar safaya. Idan tsatsa ta rufe ta, goge a hankali da buroshin waya, ka shafa alli, ka haska fitila daga gefe, lambobin za su fito. Tsarin lamba mai harufa da alƙaluma 17 sai a 1981 ya zama ƙa'ida. Motocin da suka girmi haka kowane kamfani da salonsa, shi ya sa shafukan intanet masu fassara lambar mota kan ƙi karɓar tasu.

Daga nan sai lambar inji da ta giyabos, kowanne daban. Motar da ta kai shekara hamsin da wuya a ce ba a taɓa sauya mata wani abu ba. Kana iya samun bodin 1965 da injin 1972 a ciki, kuma idan ka sayi gaskit bisa shekarar bodi, ka sayi na wata motar ke nan.

Mataki na uku shi ne littafin kayan gyara na kamfanin. Ba littafin koyar da gyara nake nufi ba, wancan mai zane ne da ke warware kowane sashe noti-noti, da lamba a gefen kowanne. Wasu an sake buga su, wasu an ɗauko su daga tsofaffin fina-finan adana takardu an sa a intanet. Abin da za ka fi zura wa ido shi ne ƙaramin rubutun da ke cewa "daga shasi mai lamba kaza" ko "zuwa shasi mai lamba kaza". A nan ne ake faɗuwa. Shekarar samfuri ta Volkswagen a watan Agusta take farawa, don haka motar da aka ƙera a Oktoban 1966 samfurin 1967 ce, kuma a samfurin nan ne Beetle na kasuwar Amurka suka tashi daga wuta mai volt 6 zuwa 12. Dainamo, kik da ƙwan fitila duk sun bambanta.

Yanzu ka koyi karanta lambar kanta, don ba a jera ta da ka ba. Ta Volkswagen alƙaluma tara ce. Ukun farko suna nuna samfurin da aka fara ƙera kayan dominsa, kamar 111 ko 113. Na huɗu shi ne rukuni: 1 inji, 3 giya, 6 birki da ƙafafu, 8 bodi, 9 kayan wuta. Harafin da ke biyo bayan alƙaluma taran, A ko B ko C, alamar an yi wa kayan kwaskwarima ce, kuma wani lokacin harafi ɗayan nan ne ke hana shi zama. A Mercedes, alƙaluma ukun farko kan nuna shasi ko inji, misali 123 ko 617. Toyota kuwa biyar da biyar take yi da ɗan layi a tsakiya, biyar ɗin farko suna faɗin wane irin kaya ne.

Ta Ford ta fi daɗin karatu, ta kuma fi yaudara. A lamba mai farawa da C5ZZ, harafin C na nufin shekarun 1960, 5 na nufin 1965, Z ta farko Mustang ce. Amma lambar da aka zuba a jikin ƙarfen ta injiniyoyi ce, sau da yawa ba ita ce ta kan kwali ba. Lambar jikin ƙarfe shaida ce mai kyau, sai dai ba da ita ake oda ba sai an duba takwararta a littafi.

Kayan da wani kamfani ya yi wa kamfanin motar, kamar distiribita ta Bosch ko Lucas, ko kafireta ta Solex, suna da tasu lambar a jiki. A ganina wannan ce hanya mafi sauƙi, domin kaya ɗaya kan shiga motoci da dama, kuma nemansa da lambar maƙerinsa yakan fito da shi ko da kamfanin motar ya daina sayarwa.

Idan aka ce maka lambar ta mutu, tambayi wadda ta gaje ta. Kamfanoni kan maye tsohuwar lamba da sabuwa, wani lokaci har sau uku ko huɗu. Rubuta su duka, saboda tsohon kaya da ya kwana a sito ba a taɓa amfani da shi ba yana nan da lambar farko a kwalinsa.

Kafin ka biya, ɗora tsohon kayan a kan tebur ka auna shi: tsawo, kauri, tazarar ramukan noti, yawan haƙora. Duba zaren noti ma, domin tsofaffin motocin Ingila sun yi amfani da Whitworth da BSF, waɗanda ba sa shiga da na milimita. Idan daga nesa za a aiko maka, nemi hoton kayan da ma'auni a gefensa, da hoton lambar da ke jikinsa. Tsohon kuma ajiye shi a leda da lambarsa a rubuce har sai sabon ya zauna, mota ta tashi.