Kurakuran da ke zubar da 'yan karate a gasar nahiya

Gasar Afirka da hukumar karate ta Afirka, UFAK, ke shiryawa, da ta Turai da aka fara tun 1966 a Paris, da ta Asiya da ta nahiyar Amurka, duk dokar hukumar karate ta duniya, WKF, suke bi. Ɗan wasan da ya saba lashe kofi a gida yakan iso yana ji da ƙarfinsa, sai wannan doka ta mayar da shi gida tun bai yi gumi ba.

Babban abin da ke cin mutane shi ne rashin riƙe hannu. A kumite, wato karawar mutum biyu, naushi maki 1 ne, shuri a jiki maki 2, shuri a kai maki 3. Wannan maki ukun ne ke ruɗar matasa, su riƙa ɗaga ƙafa da iya ƙarfinsu. Alhali abin da aka yarda wa manya a fuska da kai taɓawa ce kawai, maƙogwaro kuwa ko taɓawar ba a yarda ba. Duk mai shakka ya tuna wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Tokyo da aka yi a 2021: Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1, ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran shuri, mutumin ya faɗi sumamme. Aka kori Hamedi, zinare ya tafi wurin wanda aka fitar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Gyaran yana wurin atisaye. A daina auna shuri da ƙarar da ya yi a jikin buhu, a koma aunawa da abokin horo mai motsi, ana tsayar da ƙafa dab da fata ana janyewa, har jiki ya haddace tazarar.

Kusa da wannan akwai masu kai naushi mai kyau su juya baya suna murna. Alƙalai na duba ko hankalinka na kan abokin karawa bayan ka kai hari, abin da ake kira zanshin. Ka kau da kai, makin ya tafi, wataƙila ma ka sha naushi a banza.

Sai daƙiƙa 15 na ƙarshe, inda ni a ganina aka fi yin asarar da ke ƙona rai. Wasan manya minti 3 ne. Wanda ya fara cin maki shi kaɗai yana samun senshu, wato idan aka tashi kunnen doki shi ne da nasara. To sai ka ga mai senshu ya ji an buga ƙararrawar gargaɗi ya fara ja da baya, ko ya rungume abokin karawa, ko ya taka waje da fili. Gudun faɗa a wannan lokaci yana jawo a ƙwace senshun nan take, a haɗa masa da gargaɗi mai tsanani. Koci ya ware lokaci yana sa yaransa wasan daƙiƙa 15 kaɗai, ɗaya na kare maki, ɗaya na nema. Mai karewa ya koyi zagayawa gefe yana riƙe da tsakiyar fili, yana kai hari jefi-jefi. Filin mita 8 ne kowane gefe, ja da baya kai tsaye taku kaɗan ne ka fita.

Maganar sikeli gajeriya ce. Mai rajista a ajin kilo 67 ko 75 na maza, ko 55 ko 61 na mata, ya daidaita nauyinsa makonni kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya kwana yana matse ruwan jikinsa ƙafafunsa ba za su ɗauke shi zagaye uku ba. Haka kaya: ɗamara ja da shuɗiya, safar hannu da ta ƙafa kala biyu, rigar kare ƙirji, duk masu tambarin amincewar WKF, sai kuma robar haƙori.

Wani kuskuren har dariya yake ba ni, ko da yake ba abin dariya ba ne. Ɗan wasa ya sha kaye a zagayen farko, ya tuɓe kaya cikin fushi ya bar zauren. Can sai wanda ya doke shi ya kai wasan ƙarshe, a shiga kiran sunansa a lasifika don zagayen neman tagulla, shi kuwa yana masauki. Tagulla biyu ake bayarwa a kowane aji. Idan an doke ka, ka zauna ka bi wasan wanda ya doke ka har ka ga inda ya tsaya.

Masu kata, wato jerin motsin faɗa da ake haddacewa a nuna ba tare da abokin karawa ba, nasu ya fi sauƙin kaucewa, amma hukuncin ya fi zafi. Ka ambaci sunan wata kata ka yi wata, ko ka tsaya cak a tsakiya don mantuwa, ko ɗamararka ta kwance ta faɗi ƙasa, an kore ka ke nan. Bubbuga ƙirji da dira ƙafa don a ji ƙara kuma maki suke ragewa. A gasar ƙungiya, idan an kai wasan lambar yabo, kata da bunkai, wato nuna ma'anar motsin a aikace, duka minti 5 aka ba su. A riƙa gwadawa da agogo a hannu, a bar rarar 'yan daƙiƙu, domin a gaban alƙalai bunkai yakan ja fiye da yadda aka saba.